Ranar Da Na Yi Waƙa A Ƙasan Rijiya

Jikanyata da ke karatun Ingilishi a Maraɗi ta zo hutu, ta tarar da ni a zaure ina gyaran rediyo da mari, wanda shi ne kaɗai gyaran da na iya. Ta zauna ta buɗe littafinta ta ce, "Angona, yau zan koya maka kalma ɗaya, kada ka mutu ba ilimi."

Na ce, "Amarya, ki ba ni biyu, don ɗaya za ta faɗi a hanya."

Ta faɗi kalmar. Doguwa ce mai santsi. Sau uku ta maimaita, sau uku harshena ya yunƙura ya koma ya kwanta. Ni shekara biyu na yi a lakwal, makarantar boko, rabinsu kuma a bayan aji na yi su ina kwaikwayon tafiyar mushe, wato malaminmu. Wannan rubutun da kuke gani sai da na yi gemu na koye shi a ajin manya. Don haka kalmar ba za ta shiga takardar nan ba, ku yi haƙuri. Amma ma'anarta ta zauna mini. Ta ce sauti ne mai laushi, mai kwantar da jiki, irin wanda in ka ji shi ba ka son ya tsaya. Ta ce su Ingilishin ma arowa suka yi daga wani tsohon harshen Nasara da ake ce wa Latin, wanda ya haifi Faransanci sannan ya mutu. A can kalmar gida biyu ce, gida ɗaya zuma, gida ɗaya kwarara. Wato murya mai zuba kamar zuma daga bakin ludayi.

"Ka ga su ma sun san zaƙin murya," in ji ta. "Kakata ta ce kai ma da can ka iya waƙa. Mi ya sa ban taɓa ji ba?"

Na ce mata maƙogwaro ya tsufa. Ƙarya na yi, ni da ƙarya kuwa mun daɗe muna zaman tare. Gaskiyar ita ce na taɓa jin wannan zumar da take faɗi. Daga bakina ta fito, kuma kaɗan ya rage ta kashe ni.

Abin ya faru 'yan shekaru bayan Nasara sun miƙa mulki, lokacin da gujiya, wato gyaɗa, ta hau kan kowa. Ƙauyenmu na tsakanin Mayahi da Attantane, a gefen Gulbin Kaba. A shekarun nan in ka ga namiji a gari bayan girbi, to ko tsoho ne ko mara lafiya, sauran duk sun bi buhu zuwa Tasawa wurin awon gujiya. Maƙeri ya tafi, wanzami ya tafi, har mai yasar rijiyarmu ya rataye igiyarsa ya tafi ɗinkin buhu, ya ce sama ta fi ƙasa iska.

Ni ma na tafi, ina saurayi, da niyyar dako. Buhu ɗaya na ɗauka ya kai ni ƙasa, na gane Allah bai yi wuyana don wannan aikin ba. Sai na koma gefen kamiyo, motar ɗaukar kaya, ina ba 'yan dako waƙa suna amsawa, suna gudu da buhu a kan katako. Su suka ciyar da ni har aka rufe awo. Muryata a lokacin, ba yabon kai ba, masu tallar hura kan tsaya saurare har ƙuda ya riga mai saye.

A bayan filin awo akwai ma'aikata masu haƙa rijiyar siminti. Nakan zauna a inuwa in kalle su suna gumi. Abu ɗaya na lura da shi: na ƙasa ba ya yin shiru, kullum cikin magana yake ko waƙa, na sama kuma ya kasa kunne. Na tambaya, aka ce mini a ƙasa akwai muguwar iska, in mutum ya yi shiru to ta kama shi, sai a ja shi da sauri. Iyakar ilimina ke nan a kan rijiya. Ko leƙawa ban taɓa yi ba, ni da ko kan rumbu na hau jiri nake ji.

Na dawo gida da takalmin roba da ɗan madubi da baki. A dandali akwai wata doguwar yarinya mai wushirya wadda ba ta dariya da arha, ita ce kakar wannan jikanyar tawa daga baya. Na yi mata waƙa ba ta ɗaga kai ba. Na nuna mata madubi ta duba kanta ta mayar mini. Sai na ce mata a Tasawa rijiya nake shiga. Nan ta ɗago ta dube ni. To da na ga ƙofar ta buɗe sai na shige da kayana duka. A hirar farko zurfin rijiyar gaba goma ne. Kafin sati ya zagayo ta kai inda in ka ɗaga kai da rana tsaka taurari kake gani.

Gari duka ya saya, ban da mutum ɗaya, gwaggona, yayar babana. Ita ta yaye ni, kuma da uwata ta rasu a ɗakinta na girma, don haka ba abin kunyata da ba ta sani ba. Mijinta mai yasar rijiya ne, a cikin wata rijiya ya mutu wajen Gidan Amumune tun ban yi wayo ba, kuma ba ta taɓa ba da labarin ba. Muryarta kuwa, in kun taɓa jin an ja tsohuwar garwa a kan tsakuwa, to kun ji gwaggo tana cikin fara'a. In ta kira ni daga bakin gida, karnukan unguwa ke fara tashi. Da labarina ya kai mata, tana saƙar tabarma ko kai ba ta ɗaga ba, ta ce, "Kai da ko kan jaki sai an riƙe ka? Ci gaba. Rijiya na jin ka."

Rijiya ɗaya gare mu. Da zafi ya fara shigowa ragon mai gari ya ɓata, aka neme shi a daji har aka haƙura. Bayan kwanaki ruwa ya fara wari, sannan wata mata ta jawo guga da gashi a ciki. Aka daina sha. Mata suka koma tafiyar rabin yini zuwa rijiyar wani ƙauye, su dawo da tulu ɗaya wanda ba ya isar gida. Aka aika Tasawa a kira mai yasa, amma ba wanda ya san ranar da saƙon zai same shi.

Mai gari ya sa aka kira ni. Na tarar da dattawa zaune a ƙofar gidansa, har da baban yarinyar nan.

"Muna ta neman na nesa," in ji mai gari, "ga namu gwanin a gida."

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ai waccan ta siminti ce. Tamu ta ƙasa ce, aikinsu ba ɗaya ba."

"Tamu ai ta fi gajarta. Kai da ka ga taurari."

Dattawa suka yi dariya. Na duba fuskokinsu ko ba'a suke yi mini, in samu hanyar gudu. Ba ba'a ba ce, sun yarda da ni har zuci. Baban yarinyar ya ce shi da hannunsa zai riƙe igiya. Abin da ya rage mini shi ne in buɗe baki in ce ƙarya na yi. Kalma uku ce, na sha ƙirga su daga baya. Na buɗe bakin, sai na ji bakin nawa ya ce, "To, ranar kasuwar Attantane."

Ni na zaɓi ranar, kuma da dalili. Ranar ce gwaggo ke sammako ta kai tabarmi kasuwa. Ita kaɗai za ta iya tona ni a gaban jama'a, ita kaɗai kuma za ta iya hana ni shiga, sai na kawar da ita da hannuna. Wayona ke nan.

Da hantsi aka taru. Aka kawo igiyoyin kaba biyu, ɗaya tawa ɗaya ta rago. Bakin rijiyar an ɗaure shi da itace, an gicciya wani babban gungume wanda igiyoyin shekaru suka ci har suka yi masa tsaga-tsaga. Wani dattijo ya matso zai ɗaura mini igiya, na ɗaga masa hannu na ce mu a Tasawa kowa shi ke ɗaure kansa. Na zagaya ta a ƙugu na yi mata irin ƙullin da ake yi wa bakin buhu, don shi kaɗai na sani. Na yi ta ƙara surutu don kada a duba ƙullin.

Na ba su doka, ina ɗaga murya yadda yarinyar za ta ji daga cikin mata. Na ce, "Zan yi ta waƙa. Muddin kuna jin waƙa, lafiya nake, kada wanda ya ja. In na yi shiru, ku ja."

Suka ce sun ji. Na yi bisimilla na zura ƙafafuna.

Da farko sanyi na ji, kamar na shiga ɗakin da aka yayyafa wa ruwa. Sai itacen bakin ya ƙare, bango ya zama ƙasa tsagwaronta. Duk inda ƙafata ta taɓa, yashi ya zubo, in ji shi yana tafiya, yana tafiya, ban ji inda ya sauka ba. Igiya ta fara juya ni a hankali. Kowane saki da suka yi, gungumen sama ya yi ƙara. Na ɗaga kai. Bakin rijiyar da ya kai faɗin ɗaki ya koma kamar faifai, sannan kamar murfin tukunya, da kawunan mutane baƙaƙe jere a gefensa. Ba tauraro ko ɗaya. Har a lokacin sai da na duba.

Wani daga sama ya ce, "Ba mu ji waƙar ba."

Na ɗauko wadda nake yi wa 'yan dako. Abin da ya fito daga bakina ya fi kama da kukan akuyar da aka taka wa ƙafa. Na ji dariya ta gangaro, amma kafin ta iso ni ta zama wani gunji mara ma'ana. Wari ya taso ya tare ni, mai nauyi, irin wanda ba hanci kaɗai ke jin sa ba, har a harshe yake zama. Hasken ya ƙare. Na daina ganin hannuna a kan igiya.

Ruwa ya kama ni a ƙafa ba sallama, ya hau har cinya, sannan na taka laka. Na tsaya ina waƙa ina lalube. Hannuna ya sauka a kan wani abu mai kumburi, mai santsi. Da na danna shi, ragon ya yi wata doguwar ajiyar zuciya kamar mutum. Na san iska ce ke fita daga cikinsa, amma sanin bai hana ni yin abin da na yi a wandona ba, Allah ya sa ina cikin ruwa.

Na nemi ƙafafunsa in ɗaura igiya ta biyu. Duk inda na kama, fatar ta saɓule ta biyo hannuna. Kaina ya fara sarawa kamar an ɗaura masa rawani an yi ta ja. Sai na lura da numfashina. Ina ja, ƙirjina na cika, amma ba ya ƙosar da ni, kamar mai shan hura da ludayi mai huji. Na ƙara ja, na ƙara ja. A nan na san wannan ce iskar da aka faɗa mini a Tasawa. Na san kuma maganin a bakina yake, in yi shiru kawai su ja ni. Amma sai na hango kaina ina fitowa hannu wofi, ba rago, ko jiƙewar kirki ban yi ba, ga baban yarinya riƙe da igiya. Na ce bari in ƙara baiti ɗaya in gwada ƙafar baya.

Abin da ya biyo baya shi ne har yau yake tayar mini da tsikar jiki, ko da yake a lokacin daɗinsa na ji.

Tsoron ya tafi. Haka kawai, kamar an sauke mini kaya daga ka. Ciwon kan ya lafa, warin ya ɓace, ruwan da ke daskarar da ni ya zama mai ɗumi. Sai na fara jin rijiyar. Ɗigon ruwa daga bango, ɗaya nan ɗaya can, kowanne da muryarsa. A ƙarƙashinsu akwai wani amo mai kauri kamar na ƙudan zuma a cikin kogon itace. Muryata da ke rawa ta daidaita ta hau kansa. In na saki kalma sai bango ya karɓa ya zagaya da ita ya dawo mini da ita ninki biyu, ta yi kauri, ta yi laushi. Ban san ina da irin wannan muryar ba. Na daina jin ni ke yi, na zama mai sauraro. Na jingina da bango don in ji da kyau. Ƙafafuna suka lanƙwashe a hankali, ruwa ya hau ciki, ya hau ƙirji. Igiyar rago ta zame daga hannuna ban nemi ta ba. Na tuna uwata, wadda ban ma riƙe fuskarta ba, na ji kamar tana bayana tana jijjiga ni. Ba abin da nake so a duniya sai in ƙarasa waƙar nan in ɗan rufe ido.

Abin da ke faruwa a sama daga baya aka ba ni labari. An ce da muryar ta canza, surutu ya mutu. Mata suka sauke tuluna suka zauna. Masu riƙon igiya suka sassauta hannu, baban yarinyar har ya lumshe ido yana gyaɗa kai. Mai gari ya ce, "Kun ji, gwani ya saki jiki." Ita kanta mai wushiryar an ce hawaye take yi. Ba wanda ya yi laifi a cikinsu. Dokata suke bi: ana jin waƙa, kada a ja.

Gwaggo kuwa ba ta kai Attantane ba. A hanya ta gamu da wani mai jaki ya yi mata barka, ya ce yau ɗanta zai fid da gari kunya. Ta juyo da tabarminta a ka. An ce tun daga bakin gari ta jiyo waƙar tana fitowa daga ƙasa, ta tsaya cak, sannan ta yar da tabarmin ta zo da gudu, mace mai jikoki.

Ta ce, "Ku ja shi."

Ɗaya daga masu igiya ya ce, "Iya, ai shina waƙa. Shi ya ce..."

"Mai aiki haka yake waƙa? Kun ji haki a ciki? Kun ji ya katse ya ja numfashi? Kun ji motsin ruwa?" Ba ta jira amsa ba, ta fizge igiyar daga hannun baban yarinyar ta fara ja ita kaɗai, sannan mazan suka farka suka kama.

Ni a ƙasa abin da na ji shi ne an fizge ni daga wuri mai daɗi, kuma haushi na ji. Ƙullin buhuna ya yi abin da ƙullin buhu ke yi in an ja shi ta inda ba a saba ba. Igiyar ta zame daga ƙugu ta hau ciki, ta hau ƙirji, ta tsaya a hammata. Ba abin da ya hana ta fita ta kaina sai hannuwana biyu, su kuma sun saki, suna ɗagawa sama da kansu. Ban damu ba. Ina so ma ta fita in koma in ƙarasa waƙata.

Sai muryar gwaggo ta faɗo. Rijiyar da ta yi wa muryata ado ita ma ta ninka tata, ta zo mini kamar an zubo garewani goma daga sama. Ta keta amon nan gida biyu.

"Kai, shashasha. Matse hannuwanka a jikinka. Matse, na ce. Ka amsa mini in kana da rai. Wa ya yi ta fitsarin kwance a ɗakina har ya yi kaciya?"

Ko cikin wannan halin sai da na ji maganar ta soke ni. Gari duka na sama. Yarinyar na sama.

"Wa ya sace mini ƙwan zabi ya ɓoye a hula, ya manta ya sa hular? Ka amsa. Wa kaza ta kora har ya faɗa cikin turmi?"

Kunya ce ta fara dawo mini, sai haushi ya biyo ta. Na matse hannuwana don in samu ƙarfin ramawa. Na buɗe baki, zumar ta tafi, wani gurnani ya fito: "Ba ni ba ne."

"Maƙaryaci. Ban ji ba. Sake faɗi."

"Ba ni ba ne, Gwaggo."

Sannan tsoron ya dawo, ya dawo da kayansa duka, da ciwon kai da wari da sanyi. Na gane inda nake. Ina reto a tsakiyar duhu, ruwa ya yi nisa a ƙasa, haske ya yi nisa a sama, igiya na yanka mini hammata, kuma a bayana, tsakanin kafaɗu, ina jin ƙullin yana zamewa kaɗan-kaɗan. Duk ja ɗaya sai ya ba da ɗan yatsa. Na so in ce su yi sauri, na so in ce su yi a hankali, ban san wanda zai fi kashe ni ba. Hannuna na hagu ya mutu, ban san ko a matse yake ko a sake ba. Yashi na zubo mini a ido.

Sau biyu amon nan ya sake tasowa daga ƙasa, mai laushi, yana cewa in saki kawai, ba wuya. Sau biyu kaina ya langaɓe. Duk lokacin gwaggo na ji a jikin igiya, ko a shiruna, sai ta ƙara tono wani. Ta faɗi abin da na yi da kuɓewar liman. Ta faɗi ranar da na yi kuka don an ce za a aske ni. Ba ta bar ni na yi waƙa ba, ba ta bar ni na yi shiru ba, tambaya take yi sai na amsa. Wasu laifukan ma ba nawa ba ne, na ɗan maƙwabta ne, ta ɗora mini don in yi gardama.

Murfin tukunya ya zama faifai. Na fara ganin bango. Iska ta shiga ƙirjina ta zauna, mai zafi, mai warin kashin shanu, na sha ta kamar nono. Hannuwa suka kama ni ta wuya da wando suka jefa ni kan ƙasa. Baban yarinyar ya sunkuya zai kwance mini igiya. Yatsa ɗaya ya sa, ƙullin ya warware da kansa. Ya daɗe yana kallon bakin igiyar a tafin hannunsa.

Na yi amai har na ga kamar hanjina zai biyo. Ina kwance fuskata a yashi, ƙafafun mutane kewaye da ni, na faɗi abin da ya kamata in faɗa tun a ƙofar mai gari. Na ce, "Ban taɓa shiga rijiya ba."

Gwaggo na tsaye a kaina tana haki, tafin hannunta duk ya sale yana jini. Ta ce, "Yanzu ka shiga."

Mai yasa ya iso bayan kwana huɗu. Bai ko cire riga ba. Ya kunna fitila ya ɗaura mata zare ya zura, muna leƙe, ni daga nesa. An ce harshen wutar ya yi ta ƙanƙancewa, ya kwanta gefe, ya mutu tun da sauran tafiya kafin ruwa. Ya yini yana zura damin ganye yana fizgowa don iskar ta motsa, sai da fitila ta je ta dawo da ranta sannan ya shiga. Kuma duk zamansa a ƙasa ba waƙa ya yi ba. Ƙanensa na sama yana jefa masa tambaya yana amsawa, sunan kakanni, sunan gonaki, wa ya auri wa. Rabin da ban tsaya na gani ba ke nan a Tasawa, ina can inuwa.

Sati ya zagayo kafin in iya zama kusa da gwaggo. Tana saƙa da hannu a naɗe da tsumma. Na ce, "Gwaggo, ta yaya kika sani?"

Ta ƙarasa jeren da take saƙawa. Sannan ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, wadda ko a haka ba daɗi gare ta ba, "Mijina ma haka ya yi. Bai iya waƙa ba, duk zamanmu ban taɓa jin ya yi mai daɗi ba sai ranar. Na kawo masa hura, na ajiye na tsaya ina saurare. Ina jin daɗi. Har ya ƙare." Ta ja zaren kaba ta ɗaure. Ba ta sake tayar da maganar ba har ta bar duniya.

Baban yarinyar ya ja mini rai shekara guda sannan ya ba ni ita, ina jin don ya ga ba wanda zai sake yarda da ƙaryata, na zama mara haɗari. Ita kuwa har gobe cewa take ba ta taɓa jin waƙa irin ta ranar ba. Tun muna amare take roƙona in sake yi mata ko baiti ɗaya. Na gwada sau ɗaya a gona. Ina kaiwa inda muryar ke fara laushi, sai na ji ruwa a ƙirjina, na ajiye hauya na zauna.

Wannan duka ban faɗa wa jikanyata ba a ranar. Na dai tambaye ta ko Ingilishin suna da kalmar muryar da ke kama da jan garwa a kan tsakuwa. Ta ce akwai, za ta duba mini. Ta shiga cikin gida wurin kakarta, ta bar ni da rediyon, wanda marin ya yi masa amfani ya kama tasha. Wani mai garaya ne ke kaɗawa a hankali, ga zafin azahar, ga tuwo a ciki. Na ji idona na nauyi, jikina na saki, daɗi na ratsa ni tun daga ƙafa. Na kashe shi, na lalubi sandata, na fita na tsaya a rana inda yara ke faɗa a kan tayar keke, har sai da kaina ya fara ciwo.